Famfon Ƙofar Gida

Zuwa ga Hajiya,

Bayan sallama da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta riske ki ba, amma ban saba yanke shawara a gidan nan ba tare da kin ji ba.

Yara lafiya. Hadiza ta zo daga Mashi da jaririnta, hancinki sak.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne famfonki na ƙofar gida, wanda kika sa aka ja domin maƙwabta su riƙa ɗiba. Kansa ya lalace, yana ta zuba har tanki ya ƙafe, kuma ba a iya gyara shi sai an tsayar da ruwan gida gaba ɗaya. Ɗanki Bashir ya ce a yanke bututun a toshe, kowa ya huta. Ban yi masa faɗa ba. Na dai fahimtar da shi cewa yankewa daban, rufewa daban.

Na kira mai gyaran famfo daga wajen Kusugu ya sa bawul, wato makullin ruwa, a kan bututun famfonki kaɗai. Kin san halina, a kansa na tsaya. Yankan farko ya karkace, na sa ya sake, domin bututun roba ba ya kamawa in bakinsa bai daidaita ba. Ya kankare, ya goge, ya shafa gam ciki da waje, na kuma hana a saki ruwa sai da ya bushe. Sannan ya gyara kan famfon. Da kina nan, ba cewa za ki yi in bar bawan Allah ya yi aikinsa ba?

Hannun makullin ja ne. In ya bi tsawon bututu ruwa na tafiya, in ya gitta ya tsaya. Yanzu ko famfon ya sake lalacewa, shi kaɗai za a rufe a gyara. Babu sauran hujjar yanke shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ƙarar bokitan nan da hayaniyar yara, da muryarki kina raba musu rigimar layi, su ne abin da na fi so a safiyata. Me ya hana ni faɗa?

Da dare nakan rufe makullin, kullum na dawo daga sallar asuba kuma ni nake buɗewa, da niyyar ladan ya isa gare ki. Yau ma layin ya kai bakin titi.

Sai Allah Ya haɗa mu a Aljanna.

Naki har kullum,
Malam