Bindigar Ranar Suna

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya maigida da yara? Mu nan Daudawa lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ranar sunan ɗiyata maharba suka buga bindiga don murna. Kin san maigidana tunda ya dawo yaƙin basasa ba ya son ƙara. Sai ya faɗa ƙarƙashin rumbu yana makyarkyata, mutane na ta dariya! Yanzu Baba ya ce in dawo gida, wai mahaukaci nake aure. Ranar da ya tafi cikin kaki, wa bai yi mashi kirari ba?

Ki rubuto ma Baba, ni ba inda za ni. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Ladi