Tankin da ya hana shi tsayawa a Potiskum

Inna Yagana, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wadda zan faɗa wa a unguwa ba ta yi mini dariya ba. Wa zai yarda cewa tankin mai ne ya hana mace mai jikoki cin abinci?

Mu asalinmu Kanawa ne, amma a nan unguwar Fezzan ta Maiduguri aka kawo ni, a nan na haifi 'ya'yana duka. Maigidana yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal. Da ita yake ɗaukar bandar kifi zuwa Kano duk ranar Talata, ya dawo wa 'yan kasuwa da atamfofi da robobi. Motar nan ta girmi autata Rumaisa'u, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi mu samun kulawa, don ita ce ake shafa wa baya a tambayi lafiyarta da safe.

Maganar a kan ɗanmu na fari take. Kin san al'ada, ba zan rubuta sunansa ba, bakina bai taɓa furta shi ba tun da aka raɗa masa. Daga yaye surukata Inno ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ina kallonsa a tsakar gida yana faɗuwa yana tashi, sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta, zuciyata kuwa tana wajensa. Da ya kawo ƙarfi uban ya so ya damƙa masa motar, shi kuma ya ce ba zai iya rayuwar hanya ba. Wani abokinsa ya samo masa aiki a wani gidan mai a Potiskum, ya tafi, har ya yi aure a can, yanzu shi ke kula da masu zuba mai. Uban ya yi fushi a lokacin, amma fushin bai yi nisa ba, saboda wani ikon Allah. Tankin motar, in ta sha lodi, ba ya kai ta Kano. Sai an ƙara mai a hanya.

Gidajen mai ba su ƙare ba a Damaturu, ba su ƙare ba a Azare, amma Malam, maigidan nawa, ya ce duk hanyar nan gidan mai ɗaya ne ba a surka musu dizal da kalanzir, wai na Potiskum. Na gane dabararsa ce ta ganin ɗansa. Ni ma sai na samo tawa dabarar. Duk Talata sai in tashi in yi burabusko da miyar yakuwa, in zuba a wata koriyar kula, in ce ga guzurin hanya. Inna, mutumin nan ko da wasa ba ya cin burabusko, ya ce tsakuwa ce. Amma bai taɓa tambayata na wa ne ba. Sai ya karɓa, ya ajiye ta a bodi daga hagu, can jikin kan mota, ya ɗaure da igiya. In ya dawo sai in ga kular a wanke tas, Jannatu matar yaron ta saka mini dabino ko sabulu a ciki. Shi kuma yana cire takalmi sai ya ce mutanen Potiskum suna lafiya, ya wuce ɗaki. Iyakar labarin da nake samu ke nan, kuma wallahi ya ishe ni. Shekara da shekaru a haka muke.

To, bayan ƙaramar Sallah abin ya lalace. Idon Malam ya fara yana, duk gidan mun sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Wata Talata ya shiga gidan man, bai ga dakalin da famfon mai yake kai ba, ya goge shi da taya, saura kaɗan ya kwashe famfon. Ɗan namu ya rugo a firgice, ya zura hannu ta taga ya zare makulli. A gaban direbobi da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa ya ce ba zai bayar ba sai an je an duba idon, girma ya zo, a haƙura da tuƙi. Sai da wasu dattawan direbobi suka sa baki ya miƙa makullin. Malam bai sha mai a wurin ba, gaba ya yi ya saya a hannun 'yan bumburutu. Kuma kada ki ce daga bakinsa na ji. Rumaisa'u ce ta kwashe mini, don su suna waya da yayanta.

Satin bai ƙare ba ya kai motar unguwar Dala ta nan garin, wajen Onuora mai walda. Da ta dawo sai ga wani baƙin akwatin ƙarfe kwance a bodi a bayan kan mota, da murfinsa, da tiyo da ya bi ta ƙasa zuwa tsohon tanki, da wani ɗan famfo da ake murɗawa man ya gangara. Wai ƙarin tanki. Ya ce dizal ya fi sauƙi in ka sha da yawa a wuri ɗaya, kuma tsaye-tsaye a hanya ɓata lokaci ne. Ni za a yi wa wannan lissafin? Yau ya san tsayuwa ɓata lokaci ce? Yanzu a nan Maiduguri yake cika su duka biyu, ba ya ƙara taka birki don mai sai Kano.

Ko a wajen mai waldar sai da ya nuna halinsa. Chinwe matar Onuora, wadda nake sayen manja a wurinta, ta ce mijinta bai taɓa haɗuwa da mai taurin kai irinsa ba. An auna tanki daga wannan gefe na bodi zuwa wancan, shi kuma ya kafe sai an rage kamu guda daga hagu. Onuora ya yi ta yi masa bayani cewa zai yi asarar wurin mai, kuma aikin zai fito a karkace, ya ce shi dai haka yake so. Ga shi nan kuwa, abu kamar giɓin haƙori. Ko kallonsa ba na son yi.

Tun ranar ban sake ɗora tukunyar burabusko ba. Kular tana can saman kabad ta yi ƙura. In dafa wa wa, mai wucewa?

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne wanda Rumaisa'u ta faɗa mini shekaranjiya. Ta ce duk Talata yayanta yakan fito bakin titi ya tsaya. Yana ganin motar tun daga nesa, ya san ta ko a cikin dubu, ta zo ta wuce shi ko hon babu. Ya kira uban a waya ba ya ɗauka. Yanzu mai gidan man zai buɗe wani a Fatakwal, ya nemi wanda zai je, yaron ya ce shi zai je, tunda babu abin da ya riƙe shi a kan wannan hanyar. Bayan babbar Sallah za su tashi har da Jannatu da 'ya'yan. Inna, Potiskum ma da ƙyar nake jin ƙamshinsa, ina ga Fatakwal?

Ban ce wa Malam uffan ba. Da wane baki? Tunda nake ban taɓa shiga maganar yaron nan ba, Inno ce mai tsaya masa, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Ina zuba wa Malam abinci ina jin kamar in kifa masa kwanon, sai in ce a ci lafiya. In na shiga ɗaki in yi kukana in share.

Ba zan ɓoye miki ba, Talatar da ta wuce, yana masallaci, na je na tsaya jikin motar, hannuna a kan ɗan famfon nan. Na ce bari in zare tiyon in tsiyayar da man a kwata, in ga ta inda zai wuce Potiskum. Tsoro ya kama ni na fasa, amma tunanin bai bar ni ba. Shin in yi? Ko in roƙi Onuora ta hannun matarsa ya ce tankin yana yoyo, a cire shi? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Ina ji ina gani ɗana zai tafi, ubansa bai yafe masa ba, ni kuma ko sunansa ban taɓa kira ba.

Uwar ɗan fari, Fezzan

*

'Yar'uwata, wa alaikumus salam. Allah ya sanyaya miki. Ban yi dariya ba, kuma duk uwar da ta karanta wannan ba za ta yi ba.

Bari mu fara da famfon, don shi ne na gaggawa. Ki cire hannunki daga kansa, ki cire zuciyarki ma. Mai ba ya ƙarewa a inda aka so. Kina nufin Potiskum, shi kuma ya ƙare masa a dajin da ke tsakanin nan da Damaturu, kin kuwa san wannan hanya ba wurin tsayuwar dattijo mai raunin ido ba ce. Injin dizal kuma in ya zuƙi iska ba ya tashi da turi, sai an kwance an fitar da ita. Onuora ma kada ki sa shi ƙarya, sana'arsa ce abincinsa. Ƙarin tanki ba laifi ba ne, direbobin doguwar hanya da yawa suna yi. In za ki aika masa saƙo ta wajen Chinwe, to ki ce ya sake dubawa ko an ɗaure shi da kusoshi gam, yana da hanyar shan iska, tiyon kuma ba ya gogar ƙarfe. Mijinki ne a cikin motar nan, duk haushinsa da kike ji.

Yaronki yana da gaskiya a kan idon, kuma tsoro ne ya sa shi, na yarda. Amma ya faɗi gaskiyar a kasuwa. Mutumin da ya ci da iyali da makullin nan tun kafin a haifi autarku, a zare shi daga hannunsa a gaban sa'o'insa da yaran ɗansa, wannan ciwon ba ƙarami ba ne. Ki sa Rumaisa'u ta gaya wa yayanta ya tanadi ban haƙuri a kan yadda ya yi maganar, ba tare da ya haɗa da "amma ai" ba. Zancen asibiti a bar shi sai an shirya, a sa wani aminin Malam ya ja shi. Yanar ido ana cire ta, mutane da yawa sun koma sana'arsu bayan aiki, kuma jin haka zai fi saurin kai shi gaban likita fiye da jin cewa ya tsufa. Sai dai kada a ja abin da nisa, don ba shi kaɗai ne a kan titi ba.

Yanzu saura ke. Kin ce Malam taurin kai gare shi, ni kuwa na ga an gamu, kar ta san kar. Ki sake karanta abin da kika rubuto mini da hannunki. A ina yake ɗaure kularki? Daga hagu, jikin kan mota. Daga ina ya kafe sai an rage tanki, har ya yarda da asarar mai da munin aiki? Ki ɗauki kular nan ki je ki gwada ta a giɓin da ba kya son kallo. Ban san zuciyar mijinki ba, amma mutumin da ya yanke shawarar ba zai sake tsayawa ba har abada, ba ya tsayawa jayayya da mai walda a kan kamu guda. A cikin zafin fushi ya toshe wa kansa hujjar shan mai, ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce taki. Tun ranar, duk Talata yana fita da gurbi babu komai a ciki. Da tanki cike da hannu wofi, me zai ce ya kawo shi gidan man?

Game da kunya, ni ma da ita aka raine ni, ba na raina ta. Ado ce, amma ba a yi ta don uwa ta rasa ɗanta tana kallo ba. A da Inno ce bakinki. Yanzu ba ta nan, sai naki.

Don haka Talata mai zuwa ki sauke kular ki wanke, ki ɗora burabusko. Ba na yi miki alkawarin zai tsaya a karon farko ba. In ta dawo da abincin a ciki, ki sake dafawa wata Talatar, babbar Sallah da sauran kwanaki. Zancen Fatakwal kuwa, ko ya tafi ko ya fasa, a samu dai ya rabu da ubansa lafiya. Amma wannan karon in kin miƙa kular kada ki ce guzurin hanya. Wasiƙarki ta zo mini da sunan kowa, har da na mai manja, ban da na wanda kike kuka dominsa. Ki dubi Malam ki faɗa masa na wa ne abincin, da sunan da shi da kansa ya raɗa masa.

Allah ya daidaita tsakaninsu, ya kai Malam lafiya ya dawo da shi lafiya, ya sa kular nan ta dawo miki a wanke.

Taki, Inna Yagana