Yayana ya ce jinina kaɗai za a ƙara wa matarsa, bai san ni ma an yi mini allurar ba

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai aya, don zagin da na yi wa kaina ya isa a raba wa unguwa guda.

Ni malamin makaranta ne a Kazaure, amma gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Roni. Ni ne ɗan bokon gidan, duk abin da ya zo da Turanci ni ake turo wa in fassara, ni kuma ba zan ɓoye ba, kaina yana kumbura da hakan. Kwanakin baya aka turo mini bidiyon wani Bature yana cewa an samu ragowar DNA, wato sinadarin gadon halitta, a cikin allurar korona irin ta mRNA. Ban bincika ba, ban ma kalli bidiyon har ƙarshe ba, na danna waya na yi saƙon murya na tura zauren hirar danginmu na waya. Da iyakar abin da ya faɗa na tsaya, da da sauƙi. Sai da na ƙara gishiri, na ce duk wanda aka yi wa allurar jininsa ya gurɓace, kuma abin zai bi zuri'arsa. Me ya kai ni? Son a ce na sani, ba wani abu ba. Abin da ban faɗa ba shi ne ni kaina an yi mini allurar nan a wurin aiki tare da sauran malamai, har sau biyu, ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Saƙon ya yi ta yawo har wani abokina mai sayar da hatsi a Babura ya turo mini muryata, wai in saurari gargaɗin wani babban likita. Wallahi a lokacin dariya na yi.

Yanzu dariya ta ƙare. Matar yayana tana da tsohon ciki, kuma a wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa sosai, a kawo ɗan'uwan da zai ba da jini a ajiye kafin haihuwa. Matar nan ita ta riƙe ni ina sakandare, ita ke ɓoye mini tuwo idan na makara. Wanta ya taso tun daga Gwiwa a kan babur, aka gwada, jininsu ya zo ɗaya. Ana shirin ɗiba sai Yaya ya tuna an yi wa mutumin allurar lokacin da zai tafi Umara. Nan take ya ce bai yarda ba, ba za a zuba wa matarsa da ɗansa gurɓataccen jini ba, ya kuma kunna masa muryata a gaban mutane. Bawan Allah ya hau babur ɗinsa ya koma, har yau bai ƙara ɗaga wayar kowa a gidanmu ba.

Hankalina ya tashi, na je wurin wani abokin karatuna da ya zama likita na zayyana masa komai. Ya ce gaskiya ne ana amfani da DNA wajen haɗa allurar, daga baya a farfasa ta a tace, kuma ɗan ɓurɓushi yakan rage kamar yadda dusa kan rage a gari bayan tankaɗe. Ya ce hukumomin magunguna sun sa iyakar da ba a yarda a wuce ba, akwai masu cewa a ƙara bincike kan yadda ake aunawa, kuma tambaya ba laifi ba ce, amma babu hujjar da ta nuna ɓurɓushin nan yana canza halittar mutum ko yana bin 'ya'yansa, kuma ba a hana wanda aka yi wa allurar ba da jini. Sannan ya ce: "Malam, abin da ke barazana ga matar nan ƙarancin jini ne, ba DNA ba."

Na koma gida da niyyar warware maganata, sai Yaya ya riga ni. Ya kama hannuna ya ce in je a gwada ni, aka gwada, nawa ma ya dace. Ku ga murnarsa! Ya ce: "Alhamdu lillahi, kai ka buɗe mana ido, kuma kai kaɗai na tabbatar ba a taɓa jininka ba." Maimakon in faɗa masa gaskiya, sai na taya shi hamdala. Ita kuma da na shiga gaishe ta, tana kwance leɓɓanta sun yi fari fat, ta yi murmushi ta ce ashe tuwon da ta ɓoye mini bai tafi a banza ba. Ta ƙara da cewa tana kewar wanta. Ina zan sa kaina?

Na san halin Yaya, idan ya kafe ko tsohonmu bai isa ya tanƙwara shi ba. In na faɗi gaskiya yanzu, ina tsoron ya ƙi nawa kamar yadda ya ƙi na surukinsa, ga haihuwa ta ƙarato, ga babu wani a ƙasa. In na yi shiru aka ɗibi jinin, ta tsira in sha Allahu, amma na ci amanarsa, kuma zai bi gari yana cewa tsaftataccen jini ne ya cece ta, ƙaryata ta ƙara samun gindin zama. Tuni ma ya hana a kai ƙananan yaransa rigakafin da aka saba, alhali wannan ba shi da alaƙa da allurar da na yi magana a kai.

An ce in zo ranar Litinin a ɗiba. In faɗa masa kafin in miƙa hannu, ko in bari sai ta sauka lafiya in durƙusa a gabansa? Jama'a, me zan yi?