Fuskar Makiyayi a Bakin Rijiya

Thornlow, Derbyshire
Litinin, farkon watan Yuni

Zuwa ga Yayata Glenys,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba. Ina fata kina lafiya, ke da Desmond da yara, kuma gwiwar nan taki ta bar ki kin huta. Mu nan lafiya lau, sai rana da ta buɗe har tumaki na rububin inuwar katanga.

Makon ƙawata rijiya ya zo. Ranar Asabar aka ciro allunan katakon da muke yin hoton fure a kansu daga kogi inda aka jiƙa su, sun sha ruwa sun ƙoshi. Jiya muka taka yumɓu a siton gidan gonar Gratton, har yanzu ƙafafuna ba su dawo kalarsu ba. An shafe allunan da yumɓu, an huda zane a kai, gobe za mu fara manna furanni. Hoton bana makiyayi ne ɗauke da ɗan rago a kafaɗa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A taron kwamiti Madam Gratton ta ce a karɓi aikin fuska daga hannun Baba a ba surukarta Tamsin, wai hannunsa yana rawa. Na ce, "Madam, tun kafin a kawo ki garin nan Baba yake yin fuska, kuma ban taɓa jin baƙo ya ce ido ɗaya ya fi ɗaya girma ba." Ta ce, "Noreen, ba da wata manufa na faɗa ba." Na ce, "To, a bar ta inda take." Ta sha mur, aka bar wa Baba fuskarsa.

Ke ma na ga abin da kika rubuto, wai a waya ya yi ta maimaita miki tambaya ɗaya, wai in kai shi likita. Yaya, mutum ya haura tamanin, ba za a bar shi ya manta sunan karenki ba? Daga Kanada komai girma yake yi miki. Ni da nake dafa masa abinci kullum na ce ƙalau yake. Tun rasuwar Mama wannan makon kaɗai ke fitar da shi daga gida yana fito da baki don murna. In aka karɓe masa, ban san abin da zai rage masa ba, kuma ba zan tsaya ina kallo a gwada ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Noreen

Thornlow
Alhamis

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Jikina duk ciwo yake saboda sunkuyo, ban da wannan ba abin da ke damun kowa.

Siton ya cika kamar kullum, shayi na zagayawa, gulma na biye da shi. An gama sararin saman hoton da shuɗin fure, an yi ɗan ragon da ulun tumakin garin nan. Rabaran ya leƙo ya manna fure ɗaya a karkace, muka yaba masa, da ya fita muka cire.

Baba ya yi kwana biyu a kusurwarsa da tsinkensa da faranti na farin wardi, ba ya yarda kowa ya leƙa. Ɗazu da rana ya fita shan shayi, na je na duba. Daga nesa, Yaya, fuskar ta fi ta kowace shekara kyau. Da na matsa kusa sai na ga yadda ya jera furannin. Daga goshi ya fara, ya gangaro zuwa haɓa.

Kin tuna yadda ya koya mana muna yara, har da make mana hannu. Daga ƙasa ake farawa, kowane fallen fure ya hau kan na ƙasansa kamar kwanon rufi, don in an yi ruwa ya zame ya wuce. Yanzu kowane falle a fuskar nan ya buɗe baki sama yana jiran ruwa. Yaro ɗan shekara bakwai a garin nan ba zai yi wannan kuskuren ba.

Tamsin ma ta gani. Yarinyar kirki ce, na yarda, ko da yake ban so yarda ba. Ta matso ta ce a hankali, "Anti Noreen, in kin ja shi gida da wuri zan sake ta kafin yamma, ba wanda zai sani." Na ce, "Shi zai sani. Mutumin da ke gane aikin hannunsa a hoton da aka ɗauka tun ba a haifi uwarki ba?" Madam Gratton kuwa sai ta kawo mini shayi ta ajiye. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na bar fuskar yadda take. Rediyo ya ce ba ruwa sai tsakiyar mako mai zuwa, lokacin kuwa furannin sun bushe, kowa ya gama kallo. Gajiya ce kawai ta sa shi, haka nake gani. Kada ki kira shi ki tayar masa da hankali.

Taki,
Noreen

Thornlow
Litinin da yamma

Yaya Glenys,

Ina gaishe ki da Desmond da yara. Allah ya sa kuna lafiya.

Biki ya yi kyau ranar Asabar. 'Yan badujala suka wuce gaba, muka bi su har bakin rijiya inda aka kafa allon hoton, Rabaran ya sa wa ruwa albarka. Motocin baƙi daga Sheffield sun cika filin makaranta. An yi gasar karnuka, an yi jan igiya, mazan ƙauyen tsallake suka ja namu cikin taɓo kamar bara. Kek ya ƙare a rumfar shayi tun kafin la'asar. Baba ya sa baƙin kwat ɗinsa ya tsaya kusa da allon, mutane na ba shi hannu. Ya ci abinci sosai ranar.

Jiya Lahadi da rana aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rediyon nan ba zan ƙara sauraronsa ba.

Yau da safe Baba ya ce mu je mu ga yadda allon ya kwana. Na kawo dalilai, ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Mun tarar da Madam Gratton da Tamsin suna kwashe kujeru. Sama tana nan, ɗan rago yana nan, rigar makiyayi ko gezau. Fuskar ce kawai babu, sai tsurar yumɓu, farin wardin duk ya zube cikin kwamin ruwa.

Baba ya sa tabarau, ya matsa, ya taɓa 'yan fallayen da suka rage a goshi. Sai ya juyo ya ce, "Wa ya yi wannan fuskar?"

Na ɗauka wasa yake. Na dubi idonsa, ba wasa a ciki.

Ya ce, "Daga sama aka fara. Wanda ya yi wannan bai san aikin ba. Noreen, wa kuka ba?"

Tamsin ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Haba Noreen! Ke da girmanki? Sau nawa zan gaya miki?" Ya kama hannuna ya ɗora a kan yumɓun, ya nuna mini daga haɓa zuwa sama, a hankali, ba kuskure ko ɗaya. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta. Ya ce, "Ke, share hawayenki, fure ne kawai. Baɗi ki zauna kusa da ni in sake koya miki."

Na ce to. Madam Gratton ta juya baya tana ta jera kujerun da ta riga ta jera.

Ke ce da gaskiya, Yaya, kuma kin san ba na son faɗin haka. Na kira likita, zai gan mu ranar Juma'a. Tsoro nake ji, ban iya wannan ni kaɗai ba. Kada ki jira Kirsimeti. Ki zo yanzu, tun yana gane muryarki.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Noreen