Kak ka haɗa lasifikun babanka

Sufyanu,

Ni ban hana ka ba, ka bar cewa na hana ka. Cewa nay yi a jira. Rahila ce ke rubuta min wanga, na tahi Karohane gaisuwa, sai gobe.

Kana hita Amadu mai gyaran rediyo ya zo da ampili biyu, na'urar ƙara ƙarhin sauti. Yac ce babban, in an murɗa shi da yawa, sai ya ƙone lasifikun. Nac ce to a sa ƙaramin. Yac ce shi ma ƙaramin yana ƙonawa in ya wahala. To wanne za a sa? Wai sai an ga lambar da ke bayan lasifikun, ko huɗu ko takwas. Munka juya su, ashe gara ta cinye takardar. Ni dai ban gane komi ba, kuma ban ga alamar shi ya gane ba.

Lasifikun ga, babanka, Allah ya jiƙan shi, katihwa ya bari Abijan don su samu wuri cikin mota. Ba za a gasa min su don kiɗin suna na wuni guda ba. Suna ɗakina, makulli na wuyana. Ka nemo wanda ya iya auna su a Madawa.

Amadu ya tsaya gardama, wai a gwada, in sunka ƙone shi ke gyarawa. Nac ce, "Amadu, rediyona da na kai maka tun kakar bara hwa?"