Muryar da Na Ara

Asabar, 7 ga Oktoba

Kwana na biyu a filin wasa. Mawaƙa goma sha ɗaya, lasifika ashirin da huɗu, mu shida ke jigilarsu. Da azahar kafin a buɗe ƙofa Oga ya zauna gaban na'urarsa can tsakiyar fili, ya ɗaga min hannu in gwada makirfo. Kowa "ɗaya, biyu" yake cewa. Ni kuwa ba a banza ake kirana Aku ba.

Na fara da muryar Oga yana roƙon matarsa a waya. Abokin aikina Dogo na saman tsani, ya kusa faɗowa don dariya. Daɗi ya kwashe ni, sai na yi muryar Baba Waya, tsohon da ya koya mana aikin nan, wata takwas kenan da rasuwarsa. Na yi gyaran muryar nan tasa, na ce, "Wane ɗan banza ne ya naɗe wayar nan kamar hanjin akuya? A kawo min ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Ban san Mama ta shigo da kulolin abinci ba. Matar Baba ce, ita ke dafa mana tun bayansa. Kuma ita ta haifi Tela, wadda kawunnaina za su je neman aurenta ƙarshen watan nan.

Ba ni ta kalla ba. Ta ajiye kula, ta zuba ruwa a kofi, ta ratsa filin nan fayau ba kowa, ta durƙusa ta ajiye a gindin lasifikar hagu. Ta ce, "Ga shi, Malam." Makirfo bai ɗauka ba, amma na ga bakinta.

Ba wanda ya ci abinci da daɗi.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Mutane dubbai sun taka filin jiya, kofin na nan inda ta ajiye shi. Ba ruwa a ciki. Dogo ya ce rana ce ta shanye. To.

Tela ba ta ɗaga wayata.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Mama ta aiko in je bayan la'asar. Na wanke farar rigata, na haddace ban haƙuri kala uku a hanya.

Ko ɗaya ba ta bari na yi ba. Ta kai ni ɗakin Baba. Komai na nan: akwatin sukundireba, tabaransa mai ɗaurin zare, warin dalma. Ta zaunar da ni a kujerarsa, ta saki labule, ta zauna daga waje.

"Yi," ta ce.

"Mama, wallahi wasa ne, ki yafe..."

"Ɗan nan, ban tambaye ka ba. Yi."

Na yi. Ta faɗa wa labule cewa rufin kicin na yoyo, ƙanwarta ta haihu, gwiwarta ta matsa mata. Ni kuma ina "uhm", ina "Allah ya sawwaƙe", irin yadda yake yi yana duba wani abu daban. Har da dariya ta yi sau ɗaya. Da zan tafi ta ce Alhamis mai zuwa.

Tela na kan keken ɗinkinta a zaure. Ba ta ɗago ba, ƙafarta ma ba ta tsaya ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na cusa wa Dogo ƙadangaren roba a takalmi. Ya yi ihu kamar amarya ta ga ɓera. Ya kamata in ji daɗi fiye da haka.

Alhamis, 19 ga Oktoba



Yau bayan zancen gwiwa Mama ta ce, "Malam, mutanen yaron nan za su zo ranar Lahadi ta sama. In ba su ita?"

Na ce a raina, Aku, yau Allah ya kashe ya ba ka. Wane saurayi ne aka taɓa ɗora wa shari'ar kansa? Har na tsara: a ba shi, yaro ne mai hankali, kuma a rage masa kaya. Na buɗe baki.

Abin da ya fito shi ne, "Ba yanzu ba. Yaron bai zauna ba. Yau yana wannan gari, gobe yana bayan mota. Wanda komai wasa ne a wurinsa, ita ma wasa zai maishe ta."

Da muryarsa. Har da ɗan numfashin da yake ja kafin kalmar ƙarshe, wanda ban taɓa iya kwaikwayo ba.

Mama ta ce, "To, Malam."

Na zauna a kujerar nan ina jin harshena kamar ba nawa ba. Na karanta Falaƙi da Nasi a hanya har gida, na tofa a tafin hannu na shafe wuya.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ta aika wa Kawu Babba su dakata. Ya kira ni, wai me na aikata. Me zan ce masa? Ni na hana kaina?

Lahadi, 22 ga Oktoba

Tela ta tare ni a bakin shagon mai zare. Idonta ya kumbura.

"Aku, wannan ma cikin wasanninka ne?"

Na rantse mata.

"To kai ka faɗa, ko shi?"

Na so in ce wani abin dariya. Kullum akwai wani a aljihuna. Na laluba, wayam.

Ta ce wata takwas tana lallaɓa uwarta ta saba da ɗakin nan ba kowa, na zo na rushe a yini ɗaya. Yanzu Mama kwano uku take zubawa. "Ubana na binne shi, ba zan aure shi ba. In za ka zo gidanmu ka zo da muryarka. In ba ka da ita, ka zauna inda kake."

Laraba, 25 ga Oktoba

Muna kwance kaya a ɗakin taro. Na ga yadda Dogo ya dunƙule wayar makirfo, na ƙwace, na warware, na sake naɗewa: ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ana murza ta da yatsa. Sai da na gama na ga duk sun tsaya.

Dogo ya ce, "Bar wannan iskancin, babu kyau."

Na ce wane?

"Da hagu kake naɗewa."

Ni ba bahago ba ne. Kowa ya san wanda yake bahago.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Ban je ba. Na ce zazzaɓi. Yini guda ban yi wa kowa magana ba, mai shayi ma da hannu na nuna masa.

Litinin, 30 ga Oktoba

Oga ya ce ranar Asabar mota za ta tashi, gari biyar, sati uku. Da a bara ne da tuni na kama wurina a kan lasifika, inda iska ta fi.

Na biya wurin malaminmu na allo, ya tsufa sosai. Na kwashe komai na faɗa masa, ina jiran rubutun sha. Ya kalle ni, ya ce, "Tun kana ƙarami kake kwaikwayon karatun kowa a bayana, naka allon na jingine. Ka ari bakin mamaci, kana mamakin albasar da ya ci da shi?" Ya ce in je in yi sallama da sunana. Ko tofi bai yi min ba, tsohon nan.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na je. Mama ta riga ta ɗage labule, kujera na jirana, da kofin ruwa a gefe.

Ban shiga ba. Na cire takalmi na zauna a ƙasa gabanta. Sai da na yi tari sau biyu don in tabbatar da wanda zai fito.

"Mama, ni ne. Baba ya rasu. Ba zan ƙara ba, ko za ki hana ni ita har abada."

Ta daɗe tana kallon kujerar ta saman kaina. Ban waiwaya ba. Keken Tela a zaure ya tsaya.

"Na sani, ɗan nan," ta ce. "Ni na rufe masa ido."

Na ce to don me ta dakatar da kawunnaina a kan maganar da ta san bakina ne?

"Bakinka ne. Amma kai da na sani, da za ka ce a ba ka har da kekenta."

Ta tashi ta saki labulen da kanta. Ta ce in ci abinci kafin in tafi. Kwano uku ta zuba, ta miƙo min ɗaya.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Mota ta tashi da hantsi. Na taya su lodi. Dogo na ta ihu daga sama, "Aku, hau mana!" Na ce ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiyarta ƙalau.

Talata, 14 ga Nuwamba

Kwana takwas da kama aiki a shagon mai gyaran amfilifaya. Kujera ɗaya, fanka ɗaya, bango ɗaya nake kallo. Mai shagon ba ya dariya, na gwada shi sau biyu na haƙura.

Litinin, 4 ga Disamba

Kawunnai sun je jiya. An ba su.

Na kama ɗaki a bayan shago, hawa na biyu. Yau na yi masa fenti, ruwan ƙwai, Tela ta zaɓa. Ba gado, ba labule, ba komai tukuna, in ka ajiye bokiti sai ɗakin ya amsa. Da na gama na wanke hannu, na fita, na rufe ƙofa, na sake buɗewa. Na yi sallama da ƙarfi, na tsaya ina sauraron muryar da za ta dawo.

Tawa ce. Ina jin tawa ce. Ta ɗan yi kauri, amma warin fenti na sa haka.

Ban sake gwadawa ba. Gobe shago ƙarfe bakwai.