Ni Nake Lalata Sabuwar Ƙofar, Amma Kawuna Ake Zargi

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan Limancin Kona ne a cikin birnin Zazzau, ina aikin gyaran wuta a wani wurin wasan yara da ke bayan gari. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya samo min aikin. Shi ne mai tsaron ƙofa tun da aka buɗe wurin, yana yage tikiti yana tsokanar yara, ya san mai tsoron lilo, ya san mai kukan a ƙara masa. Bara mai wurin ya kawo sabuwar ƙofa mai buɗe kanta. Ka sayi tikiti a waya, ka nuna wa na'ura, ƙarfe ya juya ka wuce, ba sannu ba yaya gida. Ranar da aka kafa ta na ji manaja da kunnena yana cewa, "In ta zauna daidai, tsohon nan sai ya je ya huta." Ya huta ina? Mutumin da ke riƙe da marayun yayansa a ɗaki biyu?

Nan shaiɗan ya samu wurin zama a zuciyata. Ni ke da makullin akwatin wutar ƙofar, sai na riƙa sassauta wata 'yar waya a ciki. Ƙofa ta yi aiki da safe, in jama'a suka taru ta ƙame. Sai ka ji manaja yana, "Ina Baba? A buɗe ƙaramar ƙofa!" Kawu ya taso da murmushinsa yana karɓar mutane. Wallahi a lokacin daɗi nake ji, har ina ganin taimako nake yi. Masu kafa ƙofar sun zo sun duba har sun gaji, in sun gyara sai in bari a kwana biyu in koma.

Ranar yawon sallah abin ya ɓaci. Ƙofar ta ƙame da wata mata a tsakiya, da goyo a bayanta, na baya suna turowa ba su san abin da ake ciki ba. Ƙarfen ya matse ƙafar jaririn. Allah ya kiyaye babu karaya, amma kukan yaron nan har yau yana kunnena. Da ya mutu fa? Da wane bakin zan yi bayani gobe ƙiyama? Tun ranar ban sake taɓa wayar ba.

Amma an riga an gano hannun mutum ne. Kuma wa za a zarga in ba wanda ƙofar za ta kora ba? Ni mai makullin kuwa ba wanda ya kawo ni a rai. Yanzu ma'aikata in Kawu ya wuce sai su riƙa nuna shi da baki. Shekaranjiya ya same ni bayan azahar, idonsa ja, ya ce, "Ɗan nan, da furfurata ake ce min mugu. Ni da ko kwan fitila ban iya sawa ba. Wanda ya ja min wannan, na bar shi da Allah." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, gaskiya za ta fito." Ni na faɗi haka, ni! Har ya dafa ni ya sa min albarka.

Mai wurin ya ce ranar Juma'a duk wanda ke aiki kusa da ƙofa zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Kawu har murna yake, ya ce wanda bai ci nanin ba nanin ba ta cinsa. Ni kuwa a gidan malamai na tashi, na san abin da rantsuwar ƙarya ke yi wa mutum, ba zan iya ba. In na gudu, gudun ya tona ni. In na faɗi gaskiya za a kore ni, ƙila har da 'yan sanda saboda yaron, kuma ba wanda zai yarda Kawu bai sani ba, sai a ce shi ya sa ɗan 'yar'uwarsa. Na yi don kada ya rasa aiki, ga shi zan raba shi da aikin da mutuncin gaba ɗaya. Mahaifiyata kuma sai tambaya take me ya hana ni cin abinci.

Jibi ne Juma'ar, kuma Kawu ya ce in biyo masa mu tafi tare. Jama'a, me zan yi?